Masussukar Baba Ta Zama Dandali

Ƙarfi, Lahadi, sha biyu ga Rajab, 1289 bayan Hijira.

Zuwa ga ƙanena Maharazu a Gwanja. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya ba ka lafiya kai da iyalinka, Ya sa albarka a fataucin goro. Mu nan kalau muke, sai Gwaggo Hansai da ciwon ƙafa ya matsa wa.

Shekara goma sha tara ke nan ina haɗiye wata magana, yau zan fito da ita. Ka tuna kakar da samari suka roƙi aron masussukar Baba, ta gindin tsamiya, don su yi kalankuwa? Na ce su riƙa kawo damin dawa ɗaya kowace kaka, yadda mai aron ƙasa ke yi don kada a manta mai ita. Ka yi dariya, ka ce ba a karɓar dami hannun masu rawa, ka yafe musu. Sannan ka bi ayari abinka.

Bana na so in kafa zauren karatu a wurin. Ranar da na kai itacen gini, Rabe sarkin samari ya tare ni da makaɗansa, ya ce dandali ba shi da mai shi. Muka je gaban mai gari. Na ce masussuka ce, na jawo duk abin da na karanta a Zazzau kan hukuncin aro. Ya tambayi dattawa yadda ake kiran wurin, kowa ya ce dandali. Har Tsohuwa, wadda ta yi sussuka da Inna a nan, ta sunkuyar da kai ta ce a dandalin jikokinta suka koyi rawa. Sai ya tambaye ni wa ya taɓa ganin an kawo mini dami. Da ba a samu ko mutum ɗaya ba, ya bar wa samari wurin. Karatun shekara goma bai kai dami ɗaya nauyi ba.

Ka san abin da dandali yake nufi a garinmu: filin da ƙafar kowa ta taka har ya zama na kowa. Wurin da gari ya kira haka, ba a ƙara sa masa fartanya ko tubali. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sau biyu na aika maka ta hannun fatake ka rubuto shaidar cewa aro ne, ban ga amsa ba.

Ka gaida matarka Rabi da ɗanka Sada. Gwaggo tana gaishe ka. Kada ka wahalar da kanka da shaidar yanzu. Masussukar ta tafi, har da tsamiyar da Baba ya dasa.

Yayanka,
Sanda.