Ragon Oga Zaid

Litinin, 15 ga Oktoba, 2012

Raguna sun fara sauka a bakin titin Mararaba. Layya saura kaɗan. Na ɗaga wani ɗan matsakaici don in ji nauyinsa, sai ƙafafuna suka yi rawa. Na ce wa mutane takalmi ne ya zame.

Laraba, 17 ga Oktoba

Matata Luba ta ja ni asibiti, wai matar dillali ta fi dillali ido. Likita Elizabeth, wadda ta duba ni shekara shida da suka wuce lokacin ciwon dajin hanji, ta ce ciwon bai dawo ba. Na ce to alhamdu lillahi, mu tafi. Ta ce in zauna. Ta ba ni wani ƙarfe mai allurar awon ƙarfin hannu in matsa. Na matsa har da cije leɓe, allurar ko motsin kirki ba ta yi ba. Wai yankan da gashin na'urar da magungunan sun kori ciwon, amma sun tafi da tsoka, kuma wanda ya taɓa yin daji yakan riga sa'o'insa raunana. Na ce, "Likita, kin sayar mini da lafiya ba ki faɗa mini aibin kayan ba." Ta yi dariya. Luba ba ta yi ba.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Tashi daga sujada sai da na dafa bango.

Asabar, 20 ga Oktoba

Oga Zaid, daraktan nan na ma'aikata, ya bugo waya. Laraba zai zo. Shi ba ya duba haƙori, ba ya taɓa gadon baya. Ni zan rungumi rago in ɗaga, in na yi nishi ya saya. Yana faɗa wa abokan ofis, "In Salisu ya yi nishi, rago ya yi." Da nishin nan nake riƙe da su duka. Yanzu ko buta na ɗauka sai na yi shi.

Yamusa, abokin dillancina, shekararmu ɗaya. Yau na ga ya saɓa wani ƙaton rago a kafaɗa yana amsa waya. Haushi ya hana ni cin abinci.

Litinin, 22 ga Oktoba

Dabara: in zaɓo mai yawan gashi, marar nauyi. In ɗaga, nishi ya zo da kansa. Ba ƙarya a ciki ai.

Gajiya. Ban yi komai ba yau, amma gajiya.

Laraba, 24 ga Oktoba

Oga Zaid ya zo da abokai uku, farar shadda, ƙamshin turare. Ko kallon mai gashin bai yi ba, ya nuna wani farin balami. Na yi surutu, na zagaya, na kushe ƙahonsa. Ya ce, "Baba Salisu, ɗaga mana."

Na rungume shi. Ƙafafunsa na gaba kawai suka bar ƙasa. Sai ga ni zaune cikin dusa, hula a gefe, ragon yana kallona. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yamusa ya miƙo hannu, a hankali ya ce, "Tsohon banza, ka bari in ɗaga, kai ka yi bakin." Ya ɗaga. Jijiyar wuyansa ta miƙe, na nuna wa Oga ita daga inda nake zaune. Na ce, "Oga, ragon da ya kayar da ni, ya kusa tsinke wuyan Yamusa, me kuma kake jira?" Sun sayi huɗu.

Alhamis, 25 ga Oktoba, jajibere

Luba ta ɗora farar kujerar roba a bayan ɗan acaɓa, ta ce a bi ni da ita. Na yi faɗa. Na gaya wa Yamusa ta masu saye ce, manyan mutane ba sa son tsayuwa.

Har magariba ba mai sayen da ya samu zama a kanta.