Tarin Maigida a Rediyo

Litinin, 3 ga Maris
Sababbin masu gidan rediyon sun cire labaran unguwanni, sun cika safiya da waƙoƙi da tallar sabulu. Maigida ya ce shirinsa na cigiya da koke-koke yana nan daram. Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Alhamis, 6 ga Maris
Yau a rediyo ya yi tari a tsakiyar gaisuwa, ya ce a gafarce shi. Shekaranjiya ma haka, a daidai wurin. Na san tarin mijina. Wannan na ranar Talata ne aka sake sakawa.

Asabar, 8 ga Maris
Maƙwabciya ta ce ta kira shirin don cigiyar akuyarta, ba a ɗauka ba. Na ce ƙila layi ne. Ni ma ban yarda da bakina ba.

Talata, 11 ga Maris
To ina yake zuwa? Kullum wanka, turare, jaka a hammata. Na shinshina rigarsa kamar ɓarauniya. Ƙaurin dalma take yi.

Laraba, 12 ga Maris
Ya manta tabarau, na samu dalilin bin sa gidan rediyon. Mai gadi ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, “Hajiya, ai ɗakin shirin a kulle yake tun watan jiya. Daga hedikwata ake turo komai. Rana ɗaya yake zuwa ya naɗi na mako.” Sai ya nuna mini tsallaken titi da haɓa.

Shagon mai gyaran rediyo ne. Ga Maigida nan kan benci, mutane sun kewaye shi. Wata tsohuwa tana ba shi labarin jikanta da ya ɓata, shi kuma yana kiran wani da wayarsa, da muryar nan tasa ta aiki. Na laɓe bayan wata mota har ƙafata ta yi tsami. Na dawo da tabaran a jakata.

Lahadi, 16 ga Maris
Ya ce gobe zai yi sammako, akwai aiki. Na ce Allah ya kai mu. Haushinsa nake ji har yanzu, kuma sai ya faɗa mini da bakinsa.

Ƙanwata ta kira, wai ta ji an rage ma’aikata a gidan rediyon, Yaya fa, wato Maigida? Na ce kullum yana fita, mutane ma jiransa suke yi.

Bencin can ba shi da majingina. Na cusa masa ƙaramin matashi a jaka. Don bayansa ne kawai.