Mwatima Ta Ga Pomboo

Litinin, 2 ga Oktoba
Vuai ya kwashi matan unguwa a jirginsa mai inji, wai su ma su ga pomboo, dabbar tekun nan da baƙi ke ce wa dolfin. Har da matata Mwatima. Ta dawo zani jiƙe sharkaf tana dariya. Tunda na aure ta ban taɓa ganin haƙoranta na ƙurya ba sai yau.

Laraba, 4 ga Oktoba
Wali, shinkafar da ta dafa, ya sha gishiri sau biyu, hankalinta na teku. Ta ce, "Vuai ya ce nono suke ba 'ya'yansu." Vuai ya ce. Mutumin da ubansa rogo ya noma har ya mutu. Ni da na san sunan kowane dutse a ruwan Kizimkazi daga bakin kakana, na san inda pomboo suke kiwo, na san sau nawa suka yaga ragata.
Ta ce, "Baban Ame, ka tsufa a ruwa, me ya hana ka gaya mini?"
Na ce ba ki tambaya ba.
"Ka taɓa dawowa da wani labari in ba tsadar ƙugiya ba?"

Juma'a, 6 ga Oktoba
A ƙofar masallaci, gaban mutane, Vuai ya ce mini: "Mzee Pandu, Lahadi ka zo ka zauna kusa da uwargida. Kyauta. In amai ya taso akwai bokiti." Aka yi dariya. Na ce masa abin da yake yi ba kallo ba ne, kora ce, kamar kare cikin awaki. Ban ji daɗin yadda muryata ta fita ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Ta sake zuwa. Na wuni a bakin ruwa ina ɗinkin ragar da ba ta yage ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Na kafa katakon zama a kwalekwalena. Saboda bayana ne.

Asabar, 14 ga Oktoba
Bayan asuba na ce ta zo ta riƙe mini igiya, hannuna na ciwo. Ta dube ni, ta dube ni, ta ɗauko mayafi. Iska ta kai mu bayan dutsen kudu, na sauke filafilai muka yi shiru. Har na fara tsoron kunya. Sai ga pomboo, uwa da ɗanta, dab da mu, ɗan na goga jiki a gefenta. Suka fesa numfashi, kamar tsoho ya sauke kaya.
Mwatima ta damƙe hannuna, mai ciwon. A hankali ta ce, "A jirgin Vuai ba a jin numfashinsu."
Ɗan yana da tabo ƙasan ido, ban taɓa lura da irin wannan ba.
Ban jefa ƙugiya ba yau. Kifi ba ya ci a irin wannan iska, shi ke nan.