Mutanen da Aka Hana Gishiri

Manfuha, Riyad

Yaya Safiyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai zafi.

Kin tambayi abin da nake karantawa a waya har na daina kira. Tarihin wasu mutane ne, Aztek, a ƙasar Meziko. A tsakiyar tafki suka gina birni, kwalekwale ke kai kaya kasuwarsu. Turawan Sifen 'yan ƙalilan suka zo suka ci su da yaƙi. Kowa cewa yake bindiga ce da doki. Shirme. Maƙwabtansu ne, mutanen Talaskala, waɗanda Aztek suka tare wa hanyoyin fatauci har suka yi shekaru suna cin abinci ba gishiri. Su suka ja baƙin har ƙofar birni. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Mu ma 'yan ci-rani da ke gidan nan muna da sarkinmu, Baba Dalhatu, wanda hayar gidanmu ke da sunansa. Ɗakinsa kaɗai na'urar sanyi ke aiki, mu a saman rufi muke kwana. Ya hana a kira mai gidan ya gyara na sauran ɗakunan, wai kada a sa mana ido. Kuma tunda ni ne ƙarami, in na dawo daga lodin kaya a sito, tukunyar tuwo na jirana. Da na yi magana cewa ya yi, "Malam mai waya, a cikin karatun naka babu babin wanke-wanke?" Aka yi ta dariya.

Zan kawo wakilin mai gidan ya gani da idonsa.

Ƙaninki,
Mu'azzam

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kowa lafiya.

Na kawo shi. Nufina ya leƙa na'urorin ya tafi. Sai Baba Dalhatu ya ga baƙo tsaye a bakin ƙofa, kin kuwa san mutanenmu. Ya shimfiɗa darduma, ya kawo dabino da shayi, ya ce baƙo ba ya fita gidansa da baki haka. Sannan ya ɗaga murya, "Ku fito ku gaida baƙo, kada a ce ba mu da tarbiyya." Aka fito. Daga ɗakuna, daga kicin, daga rufi, kowa da hularsa, ana miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya. Mun ninka yawan mutanen da aka yarda su zauna a gidan. Mutumin yana murmushi, idonsa na bin kawunanmu. Na'ura kam ko kallonta bai yi ba.

Sarkin Aztek ma a fadar mahaifinsa ya sauke baƙinsa, ya cika su da kyautar zinariya. Ran da na karanta wurin na kira shi wawa. Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Naki,
Mu'azzam

Yaya Safiyatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaida Inna.

An tashe mu duka. Za a yanyanka gidan da katako a zuba wasu 'yan haya. Wani abokin zamanmu, Yacouba, ya koma kwana a motar da yake tuƙawa, sauran sun watsu unguwar Batha. Ni wakilin ya ce na nuna amana, ya ba ni ɗakin mai gadi a ƙasan bene. Na'urar ɗakin tana aiki sosai.

Na ƙarasa tarihin. Gida gida aka rushe birnin, aka cike hanyoyin ruwan da ɓaraguzansa. Mutanen Talaskala an ba su takardun girmamawa. Sun sami gishirinsu. Ban ga inda aka rubuta ko abincin ya yi musu daɗi ba.

Ni aka ba mukulli in rufe gidan. Babu komai a ciki sai tukunyar tuwon a tsakiyar kicin, ƙanzo ya bushe a gindinta. Na ɗauka mantuwa ce, sai Yacouba ya kira ya ce Baba Dalhatu ya ce in wanke in kai masa Batha ranar Juma'a, kuma in zo da wuri, ba ya son a ci abinci ana jiran autan gida.

Na jiƙa ta. Ƙanzon ya kama sosai.

Ƙaninki,
Mu'azzam