Bonet ɗin da ya ƙi zama a motar kowa sai ta marigayi Iro

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, su ma sunayen da zan ambata duk na canja su. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni mutumin Makarfi ne, tsohon direban babbar mota. Na yi Legas, na yi Kwatano, na yi Agadas har sai da rana ta gaji da ni ta ƙyale ni, yanzu gwiwa ta ce a zauna a gida, to na zauna. Muna da wata 'yar majalisa ta masu son tsohuwar mota, irin ƙaramar nan ta Jamus da aka daina ƙerawa tun muna da baƙin gashi. Mu shida ne, wasu a Ikara, wasu a Kudan, duk ranar kasuwa mukan haɗu a jera motoci a sha rake a yi ta cika baki. Matanmu suna kiranmu tsofaffin yara, ba mu taɓa musu ba.

A cikinmu akwai Iro, abokina tun muna karen mota. Iro dai in ka ga motarsa sai ka gyara hularka a jikinta, ko ƙuda ya sauka sai ya tambaye shi wa ya aiko shi. Akwai kuma Alhaji Tanko, dillalin tumatir a Ikara, mutumin kirki ne wallahi amma bakinsa ya riga zuciyarsa tashi daga barci.

Bara ne na kawo shawarar mu canja bonet, wato murfin inji, mu sa na kabon faiba, wannan baƙin mai zanen saƙa kamar tabarma, mara nauyi, da yatsa biyu sai ka ɗaga shi. Da yake motar ta tsufa ba a samunsa a kasuwa, sai dai a ƙera maka. Na samo wani kamfani a Chana ta hannun wani da na sani a tashar jirgin ruwa, suka ce ba sa yi wa mutum ɗaya, sai in mun haɗu, kuma mu turo awon mota guda su yi duka a kansa. Ni na jagoranci komai, ni na ɗauko mai na'urar awo daga Kaduna. Da aka zo zaɓen motar da za a auna kowa ya nuna ta Iro, don ita ce ba ta da ko ƙwarzane. Iro ya yi ta noƙewa, ya ce a auna ta wani, muka taso shi da tsiya, har na ce masa Iro ko amarya ai ana buɗe mata fuska a gani. Ya yi dariya ya miƙa makulli.

Kaya suna kan ruwa Allah ya karɓi ran Iro. Ciwon kwana kaɗan, ranar kasuwa muna tare, kafin wata kasuwar mun kai shi makwanci. Har yau in waya ta yi ƙara da safe sai in ɗauka shi ne zai ce tsoho ka tashi ko gwiwar ta hana.

Bayan sadakar bakwai kaya suka iso. Aka ɗora bonet ɗaya a motata ya ƙi rufuwa, gefen hagu ya ɗan ɗage. Aka gwada ta Alhaji Tanko haka, duk sauran haka, kuma kabon ba ƙarfe ba ne balle a buga shi ya miƙe. Sai muka je gidan Iro da izinin iyalinsa aka gwada a tasa. Jama'a, ya zauna ɗaram, kamar a jikinta aka haife shi. Makanikin da ke ɗora mana ya shafa gaban motar ya ce ai an taɓa bugun wannan, fanel bita ne ya yi aikin da ido ba ya kamawa. A nan na tuna.

Shekarun baya Alhaji Tanko ya tafi kudu da lodin tumatir, naƙuda ta kama maiɗakinsa ta zo da gardama. Iro ne ya kai ta asibiti, aka ce ana buƙatar jini, ya juya cikin ruwan sama ya nufi Janfalan ɗauko 'yan'uwanta, santsi ya kwashe shi ya daki kwalbati. Da haƙarƙari a fashe ya tari mashin ya kawo mutanen, aka ceci uwa da jaririya. Ni na ja motar zuwa Kano, shi kuma ya sayar da raken gonarsa tun bai nuna ba ya gyara ta. Ya ce wa kowa sabis ya kai ta. Ya riƙe hannuna ya ce amana, kada Tanko ya ji ko bayan ran shi Iro, don in ya ji ba zai ƙara iya zaginsa a majalisa ba, shi kuma zagin Tanko ne ke sa masa ɗanɗanon rake. Gyaran ya yi kyau har ni kaina na manta, na tabbata shi ma ya ɗauka ba za a ga bambanci ba.

Yanzu Alhaji Tanko ya ɗauki zafi. Yana faɗa a tasha, yana faɗa a kasuwa, wai marigayi ya san motarsa bugaggiya ce ya yi shiru ya cuce mu. Na ce masa ni na shirya sayen, ya ɗora min laifin, ya ce ba ni na ɓoye ba. Na tuna masa mamaci ba a binsa da sharri, ya ce gaskiya ba sharri ba ce. Ya rantse bayan sadakar arba'in zai je Dandamisa wurin yayan Iro, malami ne mai almajirai da mutunci, ya faɗa masa a gaban dangi kafin a raba gado. Maganar har ta fara shiga gidan Iro, maiɗakinsa ta aiko tana tambayata wai da gaske Baban yara ya ha'inci abokansa.

Abin da ya fi karya min zuciya, ranar ta'aziyya 'yar Alhaji Tanko, wannan jaririyar dai, yanzu budurwa ce, ta durƙusa ta gaishe ni a jikin motar Iro, har ta dafa daidai wurin da ya daki kwalbatin.

To jama'a, arba'in ta matso. In na yi magana na ci amanar da ya ce ko bayan ransa, kuma na san Tanko, in ya ji abin da ya yi ta faɗa a kan mutumin da ya ceci iyalinsa ban san yadda zai ƙara ɗaga kai ba. In na yi shiru kuma 'ya'yan Iro za su tashi da sunan ubansu maha'inci. Malamai da ke cikin zauren nan, amanar mamaci ta fi sunansa nauyi ne? In faɗa wa Tanko shi kaɗai, ko in riga shi zuwa Dandamisa, ko in kame bakina?

Nawa bonet ɗin dai na sa an ɗaura min shi da karkacensa. Mutane suna cewa tsoho bonet ɗinka bai rufu ba, sai in ce na sani, haka marigayi ya bar min.