Jininki Ya Huce, Yaya Rabi

Tsafe, ranar Laraba.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi a gadonki na asibiti can Zariya. Inna da Baba suna gaishe ki. Mutanen gidanku na Bunguɗu ma kullum sai sun aiko tambaya.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Takardar gwajin nan ta Gusau da kowa ke yabona a kanta, ba ranar da na miƙa wa Baba aka ba ni ita ba. Kwana goma sha tara ta yi a hannuna. Ɓoye ta na yi.

Kin tuna lokacin. Shekara tara da aurenki, tun kafin a ba mu jiha, ko ɓari ba ki taɓa yi ba, sai ga cikinki ya taso. Inna ta yi guɗa a tsakar gida har kaji suka watse. Da watanni suka wuce ba motsi, tsohuwar unguwarzoman Bunguɗu ta shafa ki ta ce, "Wanga ciki kwanci ya yi, ɗiyata, in ya gama barcinai zai tashi." Aka yi ta jiƙa miki saiwoyi. Ke kuma kina ta ramewa daga wuya, rabin curin fura ya cika miki ciki.

Ni na raka ki Gusau saboda ni ce mai Turanci a gida. Madam Komfot, 'yar Binuwai ɗin nan ta ɗakin gwaji, ta karɓi fitsarinki, ta zuba jininki cikin wata siririyar kwalba doguwa ta tsayar a jikin katako. Kika gaji kika fita inuwa, ta kira ni ciki. Ta nuna mini yadda jan jinin ya nutse ƙasa da gudu ya bar ruwa garai-garai a sama. Ta ce na mai lafiya a hankali yake nutsewa, wannan gudun alamar kumburi ne, kamar wuta na ci a cikin jiki. "Yarinya, babu yaro a nan. Ka kai shi babban asibiti gobe-gobe." Haka ta faɗa da Hausarta.

A mota kika tambaye ni me takarda ta ce. Hannunki yana kan cikinki, kina murmushi. Na ce ba ta fito ba tukuna.

Kin san ni da littattafan soyayyar da nake karɓo haya a bakin tasha. A cikinsu matar da ta yi haƙuri sai ta haifi tagwaye a shafin ƙarshe. Na riga na zaɓa wa naki suna, na fara saƙa 'yar hula da zare ruwan hoda. Na cusa takardar a tsakiyar wani littafi na tura ƙarƙashin katifa, wai in ban karanta wa kowa ba, ba za ta zama gaskiya ba.

Sai ranar da kika zo gida kika kasa sujada, kika yi la'asar a zaune kina haki. Na ciro takardar na ce wa Baba direban Gusau ne ya kawo yanzu. Washegari kuka tafi Zariya, aka ce ciwon daji ne a wurin da ƙwan haihuwa yake, aka yi miki aiki aka cire har mahaifa. Tun daga ranar Inna take cewa, "Bokon Ma'u ne ya ceto 'yar'uwarta." Duk sanda ta faɗa sai in sunkuyar da kai. Ita tana zaton kunya ce.

Wata biyar ina lissafa kwanakin nan. In aka ce kin yi amai bayan ƙarin ruwan maganin, in ce kwana sha taran ne. Da aka ce gashinki ya zube, shi ma na ɗora musu.

To shekaranjiya Baba ya dawo da takardunki a cikin leda. Yaya, na jera su a kan tabarma bi da bi, tun daga ta Gusau. Lambar nan ta kumburi, kowace takarda ƙasa take da wadda ta gabace ta! Ban yarda da idona ba. Jiya na sa Inna a gaba muka hau mota sai Gusau, ni da ko sayen magi ba na iya yi da murya a sama.

Madam Komfot ta sa tabarau ta bi su da yatsa. Da ta kai ta ƙarshe sai ta buga tebur ta miƙe tana rawa da farar rigarta. "Wuta ya mutu! Mama, wuta ya mutu!" Inna ta saki guɗa a cikin ɗakin gwaji, masu jiran layi suna leƙowa. Bayan Madam Komfot ta zauna ta ce kada mu daina magani ko zuwa awo, wannan gwajin ba shi kaɗai ake dubawa ba. Amma masu irin ciwonki, wadda jininta ya huce bayan aiki ta fi samun kyakkyawan zato a kan wadda nata ya ci gaba da ruruwa. Daidai da abin da likitanki ya gaya wa Baba.

Baba ya ce kin cinye malmalar tuwo guda, har kin yi mitar miyar Zariya ba ta ji daddawa ba. Ya ce kina zagaya ɗakin mata da ƙafarki kina tsokanar masu kwance. An yanka ki, an zuba miki maganin da ke kayar da ƙato, an ɗauke miki abin da kika yi shekara tara kina roƙo, kuma ga ki tsaye kina neman daddawa. A duk littattafan da na karanta ban ga mace kamarki ba.

Allah Ya ƙarasa kashe wannan wuta, Ya hana ta sake tashi. Allah Ya dawo mana da ke Bunguɗu da ƙafarki, Ya musanya miki abin da kika rasa da mafi alherinsa. Ni kuma ki yafe mini, Yaya.

Na san ba kya karatun boko. Duk wanda na ba wasiƙar nan shi zai karanta miki a fili, matan gadajen kusa suna ji. Jibi mijinki, Yaya Isa, zai wuce ta Tsafe a motar safe, kin kuwa san ban taɓa haɗa ido da shi ba. Zan tsaya a bakin titi in miƙa masa ta taga, in ce ya karanta miki duka, kada ya tsallake layi ko ɗaya.

Ƙanwarki mai jiran dawowarki,
Asma'u (Ma'unki)