Ɓarawon Da Ya Bar Sanda Ɗaya

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Alhamis, domin idan na shiga ɗakin taron nan da zuciyar da nake ciki yanzu, ban san abin da bakina zai furta ba.

Ni mai ɗaukar jaka ne a filin wasan golf, wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Shekara goma sha tara ina bin mutum ɗaya, ƙwararren ɗan wasa wanda da wasan nan yake ci da iyalinsa, ni ma a nan nake ci da nawa. Mutane suna zaton aikinmu dako ne kawai. Ni nake auna nisan rami da taku, ni nake duba inda iska ta dosa, in miƙa wa maigidana sandar da ta dace tun kafin ya buɗe baki. Kafaɗata ta dama har ta fi ta hagu sauka, matata tana tsokanata wai ko tela sai ya karkata awo idan zai ɗinka mini riga.

Ranar Litinin ta makon jiya muka gama atisaye da hantsi. Na wanke sandunan, na goge, na jera su a jaka, na kulle a kabad ɗinsa da ke ɗakin canza kaya, muka tafi cin abinci. Da muka dawo, kwaɗo yana nan a kulle lafiya lau, jaka kuwa ta yi ɓatan dabo. Sanduna goma sha uku suka tafi, waɗanda aka yanka daidai da tsayinsa da tsawon hannunsa, ga babbar gasa tana tafe. Makullin kabad ɗin biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a cikin tarin makullan maigida. Kin san ba a yi dogon bincike ba, ido ya dawo kan talaka. Kafin yamma an karɓe katina na shiga fili, maigadin da muke shan shayi tare shi ya raka ni ƙofa yana kallon ƙasa.

Na ce goma sha uku, alhali sha huɗu ake sawa a jaka. Ta sha huɗun tsohuwar sanda ce ta gangara ƙwallo cikin rami, ta mahaifinsa marigayi. Fentinta ya koɗe, mariƙinta mun naɗe shi da tef sau ba adadi, kanta kuma a cikin tsohuwar safa muke sa shi. Ko kyauta aka ba wani ba zai karɓa ba. Ita muka tarar an zare an jingine a kusurwar kabad, safarta na nan. Wane irin ɓarawo ne yana sauri zai tsaya ya tausaya wa sanda?

Kuma ba wannan kaɗai ba. An jingine ta kai a sama, mariƙi a ƙasa. Babu mai ɗaukar jakar da ya san aikinsa da zai sa mariƙi a ƙasa ya kwashi danshi da datti. Marigayin ne yake ajiye ta haka a bayan ƙofar falonsa, duk 'ya'yansa suka ɗauki ɗabi'ar, na sha yin mita a kan hakan har na gaji. Da maigidana ya gan ta a tsaye haka, na ga fuskarsa ta sauya. Ya dube ni, ya kau da kai. Ƙanensa ne ke tuƙa masa mota, kuma shi ke riƙe da tarin makullan nan duk lokacin da muke cikin fili, har lokacin cin abinci.

Yanzu kwamitin fili ya ce in zo ranar Alhamis in sa hannu a takarda cewa na yi sakaci da makulli, sai a rufe magana, a bar ni in riƙa ɗaukar wa wasu jaka. Matata tana kuka, wai in sa hannun mana, tawada ce kawai, yara suna makaranta. Yayana ma ya zo yana ba ni baki, wai ba a ja da manya.

To ni dai ba zan sa ba. Wallahi ko za a wayi gari ina dakon buhu a tasha, ba zan sa hannu a kan abin da ban yi ba. Idan na sa, kowane ɗan wasa zai riƙa ƙirga sandunansa a gabana har in mutu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin da na bi cikin rana da ruwa ya san gaskiya, amma ya zaɓi a shafa mini kashin kaji don a rufa wa gidansu asiri. Ko waya bai kira ni ba. Niyyata in miƙe a gaban kwamiti in kira sunan ƙanen nan, kowa ya ji. Ki gaya mini in na yi kuskure, amma kada ki ce in sa hannu.

Daga Mai Karkatacciyar Kafaɗa

Amsa

Malam, kwantar da hankalinka, ba zan ce ka sa hannu ba. Kada ka sa. Takardar da ta ce ka yi sakaci za ta daɗe a cikin fayil bayan duk waɗanda suka lallashe ka sun manta da zancen. Uwargidanka ba ta yi laifi ba da ta ji tsoro, tukunyarta take dubawa. Ka zaunar da ita, ka nuna mata cewa sunanka shi ne jarin gidan.

Amma batun kiran suna a gaban taro, a nan zan ja maka birki. Ba ka ga ƙanen ya buɗe kabad ba. Sandar da aka bari hujja ce a wurinka da maigidanka, ku da kuka san tarihinta. A wurin kwamiti kuwa, wani zai iya cewa ai kai ma ka san darajarta, kuma ka san yadda 'yan gidan suke jingine ta. Idan ka kira suna babu shaida, ka shiga da tuhuma ɗaya ka fito da biyu.

Ka kuma dubi maigidan naka. Shirunsa zalunci ne a kanka, ban wanke shi ba. Sai dai mutumin da ya gane hannun ɗan'uwansa a kan sandar mahaifinsu ba ya cikin daɗi. Ina zaton kunya ce ta hana shi kiranka, ba raini ba.

Saboda haka kada ka jira kiransa. Ka same shi kafin Alhamis, ku biyu kawai, ba a fili ba, ba kuma a gaban ƙanen ba. Ka gaya masa ka ga yadda aka jingine sandar, kuma ka ga ya gani. Kada ka nemi ya tona asirin kowa, wannan rigimar gidansu ce. Abu ɗaya za ka nema: ya zo gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa cewa ba kai ba ne, ba kuma makullinka ba ne, a mayar maka da katinka ba tare da wata takarda ba.

Idan ya ƙi, ka je taron da rigarka mai kyau. Ka faɗi abin da idonka ya gani daki-daki, har da mariƙin da ke ƙasa, ka nemi a binciki inda kowane makulli yake a ranar, ka ajiye naka a kan tebur, ka ƙi karɓar biro. Sunan kuwa ka bar shi a cikinka. Ranar gasa maigidanka zai iya samun sababbin sanduna, amma idan ya miƙa hannu baya zai tarar da baƙon da bai san wacce zai ba shi ba, kuma ya fi kowa sanin haka.

Allah ya wanke ka, ya ba uwargida haƙuri, ya sa kafaɗar nan ta sake ɗaukar jaka kanka a ɗage.